Kuɗin Hanya Da Rigimar Yafiya A Faransa Ta Tsakiyar Zamani

Kuɗin hanya, wanda Faransawa ke kira péage, shi ne abin da ake karɓa daga hannun fatake saboda sun bi wata hanya da haja, ko sun haye gada, ko sun ratsa kogi, ko sun shiga ƙofar gari. Tsakanin ƙarni na 11 da na 15 wannan kuɗi yana cikin manyan hanyoyin samun sarakuna da hakimai da shugabannin majami'u a Faransa. Sai dai ba kowa ne ke biya ba. Akwai garuruwa da gidajen sufaye na Kirista da suka mallaki takardun yafiya, waɗanda suka ɗauke wa mutanensu biya a wasu wurare. Daga nan rigima ta samo asali: mai shinge yana cewa a biya, bafatake yana cewa garinsu ba ya biya, kotu kuma tana neman wanda zai tabbatar da abin da aka saba yi tun kaka da kakanni.

Ire-iren kuɗin da ake karɓa

Kalmar péage ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin ƙafa, wato kuɗin taka ƙasar wani. Ban da ita akwai tonlieu, wanda ake biya a kasuwa a kan abin da aka saya ko aka sayar, da travers, kuɗin ratsa ƙasar wani mai sarauta ko da ba a kwance kaya ba, da pontage, kuɗin haye gada. Akwai kuma conduit, kuɗin rakiya, wanda bafatake ke biya don mai ƙasa ya ɗauki alhakin tsaronsa har ya fita daga iyakarsa.

Lissafin kuɗin zamanin a kan livre da sou da denier yake. Denier 12 ne sou ɗaya, sou 20 kuma livre ɗaya, wato livre ɗaya denier 240 ke nan. Yawancin shingaye 'yan denier kaɗan suke karɓa, kuma ba a cika duba darajar kaya ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne amalanke, ko kayan doki da alfadari, ko dilar tufafi, ko ganga, ko jirgin ruwa. A wasu wuraren da kayan kansu ake biya, kamar a ɗebi gishiri daga jirgin gishiri. Nauyin abin yana cikin yawan shingayen: a ƙarni na 14 an ƙirga fiye da saba'in a kogin Loire kaɗai, tsakanin Roanne da Nantes. Kowane shinge kuma yana nufin a tsaya, a kwance, a ƙirga, a yi gardama.

Masu shingayen ba su cika zama su karɓa da kansu ba. Sukan ba da shingen haya ga wanda ya fi tayi, ya biya kuɗin shekara, shi kuma ya nemi ribarsa a jikin matafiya. Irin wannan ɗan haya ba shi da dalilin yarda da takardar yafiyar kowa cikin sauƙi, domin duk amalanken da ya wuce kyauta daga aljihunsa aka cire.

Daga haƙƙin sarki zuwa gadon hakimai

A zamanin sarakunan Frank, karɓar kuɗin hanya haƙƙin sarki ne. A shekarar 805, cikin dokokin da ya fitar a Thionville, Sarki Charlemagne ya ce a ci gaba da karɓar tsoffin kuɗaɗe na gaskiya a gadoji da jirage da kasuwanni, amma ya haramta sababbi, irin waɗanda ake miƙa igiya a tare hanya, ko a caji jirgi don kawai ya bi ta ƙarƙashin gada, inda ba a yi wa matafiyi wani taimako ba. Ya kuma ce wanda ya ɗauko kayansa daga wani gidansa zuwa wani, ba don ciniki ba, babu abin da zai biya. Waɗannan ƙa'idoji biyu, cewa kuɗi a bakin aiki yake, da cewa kayan amfanin gida dabam suke da haja, su ne aka yi ta komawa gare su a shari'o'in ƙarnonin da suka biyo baya.

Rigimar ma ta girmi wannan doka. A 759 Sarki Pepin, mahaifin Charlemagne, ya saurari ƙara tsakanin gidan sufaye na Saint-Denis da Gerard, hakimin Paris, a kan wanda ya cancanci karɓar kuɗin babbar kasuwar shekara ta Saint-Denis, ya kuma bai wa sufayen gaskiya.

Bayan daular ta wargaje a ƙarni na 9 da na 10, iko ya koma hannun masu ganuwa. Duk wanda ya gina hasumiya a bakin mashigi ko a gindin gada sai ya mayar da kuɗin wurin abin gado, yana sayarwa, yana jinginarwa, yana bayarwa a matsayin kayan auren 'yarsa. Da fatauci ya farfaɗo a ƙarni na 11 da na 12, shingaye suka ƙaru tare da shi. Abin ya kai ga taron majami'a na Lateran na uku, wanda aka yi a Rum a 1179, ya haramta ƙirƙiro sabon kuɗin hanya ko ƙara tsoho ba tare da izinin sarakuna ba, da barazanar korar mai laifi daga majami'a.

Abin da ke kan mai karɓa

Doka ba ta ɗauki kuɗin hanya a matsayin ganima ba. Philippe de Beaumanoir, jami'in sarki kuma masanin shari'a, wanda ya kammala littafinsa a kan al'adun shari'ar yankin Beauvais a 1283, ya kasa hanyoyi gida biyar gwargwadon faɗinsu, daga turba mai taku 4 zuwa babbar hanya mai taku 64, ya kuma danganta kuɗin da ake karɓa da gyaran hanyoyin. Haka kuma an yarda cewa mai karɓar kuɗi shi ke da alhakin tsaron hanyarsa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A 1269, zamanin Sarki Louis na 9, babbar kotun sarki ta tilasta wa mai sarautar Vierzon ya biya wasu fatake da aka yi wa fashi a hanyar ƙasarsa. Wanda aka tare da dare kuwa, asararsa tasa ce.

Inda aka fi cika wannan alkawari shi ne yankin Champagne. Kasuwannin shekara guda shida ake ci a garuruwa huɗu, biyu a Troyes, biyu a Provins, ɗaya a Lagny, ɗaya a Bar-sur-Aube, suna bin juna kusan shekara ɗungurungum. A nan masu tufafin ulu na Flanders ke haɗuwa da fataken Italiya masu kayan yaji da siliki. Masu sarautar Champagne sun ba duk mai zuwa kasuwannin kariya tun daga hanya, a 1209 kuma Sarki Philippe Auguste ya ƙara da tasa. Jami'an kasuwannin suna da ikon hana mutanen wani gari gaba ɗaya shiga ciniki idan garin ya ƙi biya wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, wannan kuwa barazana ce da biranen Italiya ma suke jin tsoro.

Yadda garuruwa suka sami yafiya

Gidajen sufaye ne suka fara tara takardun yafiya, domin masu sarauta kan yafe musu kuɗin gishiri da hatsi da sauran kayan masarufi a matsayin sadaka. Daga ƙarni na 12 garuruwa suka bi sahu. Wani gari da kuɗi yake sayen takardarsa, wani kuma ana ba shi ita ladan biyayya a lokacin yaƙi, wani kuwa mai ƙasa ne ke son ya jawo mutane su zo su zauna.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Lorris, wani ƙaramin gari a gabashin Orléans. Takardar da Sarki Louis na 7 ya ba shi a 1155, wadda Philippe Auguste ya sabunta a 1187, ta ce mazaunin garin zai biya denier 6 kacal a shekara a kan gidansa da filinsa, ba zai biya kuɗin kasuwa a kan abincin da zai ci ba, kuma ba zai biya kuɗin hanya ba har zuwa Étampes da Orléans da Milly da Melun. Idan ya kai haja Orléans, denier ɗaya zai biya a kan amalanke wajen fita, in dai ba lokacin kasuwar shekara ba ne. Wanda ya zauna a garin shekara ɗaya da kwana ɗaya ba tare da ubangidansa ya neme shi ba, ya zama ɗa. Garuruwa da ƙauyuka fiye da tamanin ne suka nemi a ba su irin wannan takarda.

Abin lura shi ne yafiya ba ta nufin 'yancin ciniki ga kowa. Gata ce ta mutanen gari ɗaya a wurare sanannu, kuma darajarta tana cikin cewa maƙwabci yana biya. Shi ya sa garin da ya fi kowa kuka da shingen wani shi ne kuma ya fi kowa tsare nasa.

Abubuwan da ake jayayya a kai

Yawancin ƙararrakin a kan tambayoyi kaɗan suke juyawa. Ta farko, wane ne ɗan gari? Wanda ya sayi gida a garin da ke da yafiya alhali yana zaune a wani wuri, ko wakilin da ke tuƙa amalanken maigidansa, yafiyar ta shafe shi? Ta biyu, kayan na wane ne? Bafataken da ke da yafiya kan ɗauki kayan baƙo ya ce nasa ne, saboda haka ake sa shi ya rantse. Ta uku, kayan na ci ne ko na sayarwa? Malaman majami'a da 'yan sarauta ba sa biya a kan abin da za su yi amfani da shi, amma da zarar sun shiga saye don sayarwa sun zama kamar kowa. Ta huɗu, wace takarda ce ta riga wata? Idan sarki ya bai wa wani gidan sufaye kuɗin wata gada, daga baya ya yafe wa wani gari biya a duk ƙasarsa, to ya yafe abin da ya riga ya bayar ke nan?

Yadda shari'ar ke tafiya kusan iri ɗaya ne. Mai shinge ya riƙe doki ko dila a matsayin jingina, shugabannin garin bafataken su nemi a saki kayan bisa lamuni, sannan a aika masu bincike su rantsar da dattawa, tsoffin masu amalanke da tsoffin masu karɓar kuɗi, su faɗi abin da suka gani ana yi. Abin da aka saba yi a fili shekara da shekaru yana da ƙarfi ƙwarai a gaban alƙali. Don haka gari ba ya sakaci: idan mutanensa suka yi ta biya ba su yi ƙorafi ba, gobe a kawo wannan a matsayin hujja a kansu. Wannan ne ya sa ake kashe livre masu yawa a shari'ar da asalinta denier biyu ne. Daga tsakiyar ƙarni na 13 irin waɗannan ƙararraki suka riƙa ƙarewa a babbar kotun sarki da ke Paris, wadda ake kira Parlement, kuma tsoffin kundayenta da aka sani da Olim, na shekarun 1254 zuwa 1318, cike suke da su.

Shingen Bapaume

Bapaume ƙaramin gari ne a yankin Artois, a kan hanyar da ta haɗa biranen masaƙa na Flanders da Paris da Champagne. Ya shiga hannun Philippe Auguste a 1191, cikin ƙasashen da aka yi masa alkawari lokacin da ya auri Isabelle ta Hainaut. A 1202 aka yi bincike a Cappy, a bakin kogin Somme, don a tantance haƙƙin shingen. Abin da aka rubuta shi ne, duk hajar da ta fito daga Flanders za ta cikin Faransa ko Burgundy ko Champagne ko Provence ko bayan duwatsu, dole ta biya a Bapaume, haka ma giyar inabin da ke tafiya arewa zuwa Flanders. Aka kuma lissafa wuraren da ba a tilasta wa mutanensu bin hanyar ba, cikinsu har da Thérouanne da Cambrai da Tournai da Amiens da Corbie da Beauvais da Normandy. Su sai in sun bi ta garin da ƙafarsu za su biya.

Ke nan Bapaume ya wuce shingen da ake tararwa a hanya, ya zama tilas a bi ta kansa. Bafataken Ypres ko Ghent da ya zaga ta wata hanya ana iya kama kayansa ko da bai ga ganuwar garin ba. Bayan Bapaume kuma akwai Péronne da Roye da Compiègne da Crépy suna jira. Jerin sunayen 1202 ya zama abin da ake buɗewa a kotu tsawon ƙarnoni, masu shinge suna ƙoƙarin taƙaita shi, garuruwa suna neman a faɗaɗa shi. A 1237 Artois ya koma hannun Robert, ƙanen Louis na 9, a 1384 kuma gidan sarautar Burgundy ya haɗa Artois da Flanders a hannu ɗaya, amma shingen bai tashi ba.

Paris da Rouen a kan kogin Seine

A kogin Seine, manyan birane biyu ne suka tare wa juna hanya. A 1121 Sarki Louis na 6 ya bar wa 'yan kasuwar ruwa na Paris sou 60 da yake karɓa a kan kowane jirgin giyar inabi a lokacin kaka. A 1170 Louis na 7 ya tabbatar musu da gatar da ta fi wannan: babu mai kawo haja ta ruwa daga gadar Mantes zuwa Paris sai ɗan ƙungiyarsu, ko baƙon da ya ɗauki ɗayansu abokin tarayya. Wanda ya saɓa, a ƙwace kayan, rabi na sarki, rabi na ƙungiya. Mutanen Rouen an yarda su hauro da jirage babu kaya har Le Pecq, su yi lodi a can su juya. Daga wannan ƙungiya ce hukumar birnin Paris ta tsiro, jirgin ruwan da ke tambarin birnin har yau shaidar hakan ne.

Rouen kuwa tana riƙe da ƙasan kogin zuwa teku. Da Philippe Auguste ya ci Normandy a 1204, biranen biyu suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya, amma a 1207 ya tabbatar wa Rouen da yawancin gatancinta. Sarakuna suka gane cewa wannan gata linzami ce a hannunsu. Bayan tarzomar haraji a ƙarshen ƙarni na 13, Philippe na 4 ya ƙwace 'yancin birnin, sai da mutanensa suka fanshe shi da kuɗi a 1294. Bayan boren 1382 kuma Charles na 6 ya rushe hukumar birnin. Sai a tsakiyar ƙarni na 15, zamanin Charles na 7 da ɗansa Louis na 11, aka buɗe wa 'yan kasuwar biranen biyu kogin a tsakaninsu. Sauran baƙi sun ci gaba da neman abokin tarayya a Paris har 1672.

A cikin Paris kanta, littafin sana'o'i da shugaban birnin Étienne Boileau ya sa aka tattara wajen 1268 ya adana jadawalin gadar Petit-Pont. A ciki an ce wanda ya kawo biri don sayarwa zai biya denier 4, amma mai wasa da biri sai ya sa shi ya yi wasa a gaban mai karɓar kuɗi ya wuce, mawaƙi kuma ya rera baiti ɗaya. Daga nan Faransawa suka sami karin maganarsu ta biya da kuɗin biri, wadda a yau take nufin a sallami mai bin bashi da daɗin baki.

Bordeaux da fataken Loire

A kudu maso yamma, inda sarkin Ingila ke mulki har 1453, Sarki John ya yafe wa 'yan birnin Bordeaux kuɗin fito a kan giyar gonakinsu a 1214. A kan wannan suka gina wata gatar: giyar garuruwan da ke saman kogi, irin su Cahors da Gaillac, ba za ta sauko kasuwar birnin ba sai bayan 11 ga Nuwamba, daga baya ma aka kai Kirsimeti, lokacin da jiragen Ingila sun riga sun yi lodi sun tafi. Yafiyar gari ɗaya ta zama ƙangi ga garuruwan da ke bayansa.

A kogin Loire fatake ne suka haɗa kai. Tun ƙarni na 14 akwai ƙungiyar 'yan kasuwar da ke bin kogin da rassansa, mai cibiya a Orléans. A 1402 Charles na 6 ya ba ta izinin karɓar wani ɗan kuɗi daga kayan da ke wucewa, ana tarawa a akwatuna, don ɗaukar nauyin shari'a da masu shingaye. Da kuɗin take kuma share mashigar jirage da gyara hanyar masu jan jirgi a bakin gaɓa. A 1430 Charles na 7 ya ba da umarnin soke duk kuɗin da aka ƙirƙiro a kogin cikin shekaru sittin da suka gabata. Yadda aka yi ta maimaita irin wannan umarni daga baya ya nuna cewa masu shingayen ba su saurara ba. Ƙungiyar ta rayu har 1772.

Ƙarshen tsarin

Sarautar Faransa ta yi ƙarnoni tana rage shingayen ba tare da ta kawar da su ba, domin ita ma tana ci daga ciki, masu su kuma suna ɗaukarsu dukiyar gado da ba a ƙwacewa sai da diyya. A 1724 aka kafa kwamiti na musamman da ya buƙaci kowane mai shinge ya kawo takardar shaidarsa, aka soke da yawa da suka kasa. Minista Turgot ya soke gatar Bordeaux a 1776, ko da yake ba ta mutu murus ba sai da juyin juya hali ya zo. A daren 12 ga Yulin 1789, kwana biyu kafin faɗuwar kurkukun Bastille, jama'ar Paris suka cinna wa shingayen harajin ƙofofin birnin wuta. Dokar 15 ga Maris 1790 ta soke kuɗin hanya na masu sarauta, kafin ƙarshen shekarar kuma aka tashi shingayen kwastan na cikin gida aka mayar da su iyakokin ƙasa. Da babu shinge, takardun yafiyar da garuruwa suka yi ƙarnoni suna karewa suka koma kayan tarihi. Kalmar péage ita ce ta tsira: tana nan a allunan manyan hanyoyin Faransa, da na ƙasashen da ke aiki da Faransanci irin su Jamhuriyar Nijar.